A Maleshiya Na Fara Cin Abinci a Bainar Jama'a

Ni 'yar cikin birnin Kano ce, a gidan da matar aure ba ta zama a gidan abinci. Tukunyarta ce mutuncinta, kuma magidancin da aka cika gani a rumfar mai tuwo, za a ce akwai wata a ƙasa a gidansa. Da wannan tarbiyya na sauka a Maleshiya, na biyo maigida da ya zo karatun digiri na uku a Jami'ar Putra da ke Serdang, kudu da Kuala Lumpur. Rabin kayana kuka ce da busasshiyar kuɓewa da yaji.

Watannin farko a ɗaki na yi su. Maigida ya fita tun safe, ni kuwa daga kicin sai taga. Ta tagar nake ganin abin da ya ɗaure min kai: da an idar da sallar isha'i, sai gidaje su fito kwansu da kwarkwata, har da kaka da jariri, su cika teburan da aka jera a gindin beninmu. Mata da lulluɓinsu suna ci suna hira, babu mai ɗaga kai ya kalle su. A ƙasar nan miji da mata duk aiki suke fita, abincin rumfa kuma yana da araha, don haka mutum yakan karya a waje, ya ci na rana a waje, ya dawo na dare.

Wata dattijuwa mai rumfa a bakin ƙofarmu ce ta karya min kunyar. Kowa Makcik yake ce mata, kamar yadda ake kiran duk macen da ta haife ka. Kullum na wuce sai ta ce, "Sudah makan?" tana tambaya ko na ci abinci, tana nuna kujera. Ranar da na zauna, nasi lemak ta ajiye min, a naɗe cikin ganyen ayaba. Shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa da ganyen pandan, tana buɗewa ƙamshi ya tashi da tururi. A gefe ga soyayyar gyaɗa, ga ƙananan busassun kifi masu ƙaras-ƙaras, rabin dafaffen ƙwai, yankan kokwamba biyu, sai jan sambal a tsakiya. Akwai 'yar butar ruwa a kan tebur don wanke hannu, domin su ma da hannun dama suke ci. Sambal ɗin ne ya fara ba ni wuya: barkono ne sosai, amma da sukari a ciki, ga kuma belacan, wato jatan lande da aka bari ya ruɓa aka cure shi. Warinsa idan ana gasa shi yakan cika unguwa. Yau kuwa idan babu shi a sambal, lami nake ji.

Abin da ya fi kwantar mana da hankali shi ne halal. Hukumar JAKIM, mai kula da harkokin Musulunci a ƙasar, tana ba da takardar shaida, tambarinta na manne a ƙofar gidajen abinci da jikin kayan gwangwani. Amma ƙasar ba ta Malayawa kaɗai ba ce, akwai 'yan asalin Sin da Indiya masu yawa, kuma a titi irin Jalan Alor, layin masu abinci a Kuala Lumpur, alade da giya a fili suke. Rubutun "babu alade" a ƙofa daban yake da takardar hukuma, tunda akwai masu zuba giyar girki a miya. Mu dai mukan duba tambari, ko mu ga su wane ne ke girkin.

Maza sun fi sabawa da mamak, gidajen abincin Musulmin Indiya da yawancinsu ba sa rufewa dare da rana. Nan ɗalibanmu ke haɗuwa kallon ƙwallo, a ci roti canai, wata gurasar fulawa da ake toyawa, da romon wake, a kora da teh tarik. Shayin nan da madarar gwangwani mai zaƙi ake haɗa shi, kuma gaskiya sukarin ƙasar nan ya yi yawa. Duk wanda zai daɗe, gara ya riƙe "kurang manis" a bakinsa, a rage masa zaƙin tun kafin jiki ya nuna.

Ranar da kewar gida ta taso, Kajang muke nufa, garin da ya yi suna da satay. Tsire ne sak, a tsinke a kan garwashi, sai dai maimakon garin ƙuli-ƙuli, miyar gyaɗa mai kauri ake tsoma shi a ciki. Da azumi kuma kowace unguwa da kasuwar buɗa-bakinta tun la'asar. A Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da aka kafa a 1900 wadda yanzu dogayen benaye suka kewaye, masallacin Juma'a na raba faten shinkafa da nama mai suna bubur lambuk kyauta, layi har bakin titi.

Ba duka ne zuma ba. Lokacin neman gida, akwai masu hayar da suka ajiye waya da jin cewa daga Afirka muke, kuma an sha bin mu da ido a wuraren da ba a san mu ba. Abin yana ci min rai har yanzu. A rumfar Makcik kuwa, tunda aka saba ganina a tebur ɗaya, matan unguwa suka fara matso da kujerunsu, har suka san sunana.

Da na haihu, babu kowa nawa a kusa. Malayawa suna da tsauri a kan jego, wasu kwana 40 wasu 44, ba ruwan sanyi, ba abinci mai maiƙo. Makcik ta hau benen da kanta ta tarar da Abban Hafsa yana fama da tukunya, ta sa shi ya kashe wutar. Daga ranar jikarta ce ke hawo min da romon kifin haruan, wanda suka ce yana warkar da rauni, an cika shi da citta da masoro. Da muka yi arba'in ya sauka da kuɗi a ambulan, ta mayar masa a aljihu, ta ce a kawo mata jaririyar ta gani.