Abin da na koya wajen rubuta rajistar halittu a wani ƙauye na Kerala

Dokar kare albarkatun halittu da Indiya ta kafa a shekarar 2002 ta raba aikin hawa uku: hukuma ta ƙasa mai hedikwata a Chennai, hukumomin jihohi, sai kuma kwamitin kula da halittu a kowace ƙaramar hukuma da majalisar ƙauye. Da irin wannan kwamiti na ƙasa-ƙasa na yi aiki a jihar Kerala, a matsayin ɗan sa kai da ke taya su rubuta rajistar tsirrai, dabbobi da ilimin gargajiyar yankinsu, wadda ita ce babban nauyin da doka ta ɗora musu. Mutum bakwai ne a kwamitin, kuma ƙa'ida ta ce aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mambobin su kasance mata.

Batun amfanin gona bai ba mu wahala ba. Wata tsohuwa ta ɗebo irin shinkafa daga tukunyar ƙasa, ta baza shi a tafin hannunta, ta bayyana mana wanda ke jure ruwan da ya kwanta a gona da wanda ba ya jurewa, muka rubuta da sunan da mutanen wurin ke kiransa.

Inda aka ja daga shi ne maganin gargajiya. Wani dattijo mai magani ya murje mana ganye, ya ba mu muka sansana, ya faɗi sunansa da wurin da yake fitowa, amma da aka zo kan yadda ake haɗa shi sai ya tambaye mu wa zai karanta littafin. A ganina yana da hujja, domin mutanen Kerala sun san labarin ƙabilar Kani, waɗanda iliminsu game da tsiron arogyapacha ya kai ga haɗa maganin Jeevani, har aka amince a ba su rabin kuɗin lasisi, aka kafa musu asusun amana a 1997. Sun riga sun gane cewa abin da suka sani dukiya ne. Shawarar da kwamiti ya yanke ita ce a rubuta tsiron da kuma cewa akwai mai iliminsa a ƙauyen, da yardarsa, a bar sirrin haɗin a wurinsa. Wannan ya wadatar, tunda doka ta wajabta wa hukumomin sama su tuntuɓi kwamiti kafin su yanke hukunci kan amfani da albarkatun yankinsa, kuma rajistar ce shaidar da kwamitin zai nuna.

Wani darasin ya shafi kuɗi. Doka ta ba kwamiti ikon karɓar kuɗi daga masu ɗibar albarkatu don kasuwanci, sai dai kamfanoni ba sa zuwa ƙauye da kansu. Dillalai ne ke saye daga hannun masu shiga daji, buhu-buhu, ba tare da wata takarda ba. Bayan kotun muhalli ta ƙasa ta matsa wa jihohi lamba a 2019, an kafa kwamitoci da yawa cikin gaggawa, amma kafawa kaɗai ba ta sa ko sisi a asusunsu. Namu ya fara samun abin cewa ne bayan ya buɗe littafi na biyu, inda ake rubuta sunan tsiron da aka fitar daga yankin, nauyinsa, da dillalin da ya saya.