Majami'ar ginin ƙasa da ke Wusasa

Kakata ce ta fara kai ni majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa, kusa da Zariya, ina ɗan shekara bakwai. Abin da na riƙe daga wannan rana shi ne sanyin wurin. A waje rana tana ƙuna, amma muna shiga sai na ji kamar an tsoma ni a randa. Na tambaye ta ina fankar take, ta kama hannuna ta ɗora a bango, ta ce, "Ga ta nan, ɗan nan. Ƙasa ce."

Sai da na girma na san tarihin. A 1900 Likita Walter Miller ya zo cikin tawagar Bishop Tugwell ta mishan ɗin CMS, ƙungiyar wa'azin Kirista ta ɗarikar Angalika daga Ingila, suka kai har Kano, Sarki Alu ya sallame su. Daga baya Miller ya zauna cikin birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. A 1929 aka tashi mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, kusa da dutsen Kufena, aka kafa wannan majami'a ta ɗarikar Angalika. Bayan shekara uku, a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Miller ya daɗe yana yi. Janar Yakubu Gowon a nan ya tashi, a makarantar mishan ɗin ya fara karatu. Likita R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, shi ma na wannan jama'a ne.

Amma ginin ne ya fi tsaya mini a rai. Duk wanda ya ce coci kayan Bature ne, ya zo ya ɗaga kai a nan. Bango ne na tubali mai kauri, ga bakan gizo ya taso daga ƙasa ya lanƙwaso ya haɗu a sama, azara a ɓoye cikinsa tana riƙe da nauyin rufin. Dabarar da Babban Gwani Mika'ilu ya yi amfani da ita ke nan a Masallacin Juma'a na Zariya, kusan shekara ɗari kafin nan. Ranar da na fara shiga tsohon masallacin, sai da tsigar jikina ta tashi, don na gane hannun. Magina na gari ɗaya, ƙasa ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne ginin ƙasa yana son kulawa kamar tsoho. Kowace damina tana cin rabonta, kuma masu iya kwaɓa birji da ramno su ɗaure azara yadda ya kamata sai raguwa suke yi. Siminti ba ya zama lafiya da ƙasa: yana tsare danshi a ciki, bangon ya riƙa ruɓewa ba a gani. Na so a ce an nemo dattawan magina da suka rage a Zazzau, an haɗa su da samarinmu, tun suna da ƙarfin hawa tsani.

Bara na kai 'yata, na ɗora hannunta a bangon.