Sandar da Ba Ta Fitar da Sauti

Cikin makaɗa tamanin ko casa'in da ke zaune a dandali, mutum ɗaya ne kawai ba ya fitar da sauti, kuma shi ne wanda yake tsaye a gabansu da siririyar sanda a hannu. Na shafe shekaru ina koyon jagorancin makaɗa, daga baya na koma koyar da yara da matasa, amma sai da na sha wuya kafin na gane aikin da mai wannan shiru yake yi.

Ranar farko da aka tsayar da ni gaban ƙungiyar ɗalibai, na zo da tunanin cewa hannuna ne zai yi komai, domin na kwana ina kaɗa sanda a gaban madubi: ƙasa, hagu, dama, sama. Mai busa obo, wata irin algaitar Turawa, ta ba da sautin da kowa ke daidaita kayansa da shi, ɗaki ya yi tsit, na sauke sanda, sai masu biyolin, wato gogen Turawa, suka shigo a warwatse, wannan gaba wancan baya. Malaminmu ya tako daga ƙarshen ɗaki ya tambaye ni ko na ja numfashi kafin in sauke hannu. Ban ja ba. Ya ce makaɗi ba ya jiran saukar sanda, domin idan ta sauka lokaci ya riga ya ƙure. Ɗagawar da ta gabace ta yake kallo, kuma daga ita yake gane saurin kiɗan da ƙarfinsa. Masu busa kuwa a wannan ɗan taƙin suke cika huhunsu, saboda haka jagoran da bai numfasa tare da su ba ya bar su a baya tun kafin a fara.

A lokacin ne na shiga nazarin rayuwar Leonard Bernstein, jagoran makaɗa ɗan Amurka da aka haifa a 1918. Abin da aka fi ba da labari a kansa shi ne ranar 14 ga Nuwamba, 1943, lokacin da Bruno Walter, jagoran da aka shirya zai jagoranci wasan, ya kwanta rashin lafiya, aka kira Bernstein, yana mataimaki ɗan shekara 25, ya jagoranci babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Niyu Yok ba tare da atisaye ba, ana watsa wasan kai tsaye a rediyo. Mutane sukan kira wannan sa'a, ni kuwa ban yarda ba. Ya riga ya yi karatu a hannun manyan jagororin makaɗa biyu, Fritz Reiner, wanda ya shahara da tsanani, da kuma Serge Koussevitzky a makarantar kiɗa ta Tanglewood tun 1940, ya kuma san kundin kiɗan, wato littafin da aka rubuta abin da kowane makaɗi zai buga, ciki da waje. Wanda bai taɓa buɗe irin wannan kundi ba zai yi wuya ya gane nauyinsa: layuka ashirin ko fiye a shafi guda, kowane kayan kiɗa da nasa, wasu ma, kamar ƙahon tagulla, abin da aka rubuta musu ya fi abin da kunne zai ji tsayi da mataki biyar. Dole jagora ya ji duk wannan a kansa yana zaune shi kaɗai a tebur. Tun da na fahimci haka, sa'o'in da nake yi da fensir da kundi suka ninka waɗanda nake yi a gaban madubi.

Abin da ya fi taɓa ni game da shi, duk da haka, koyarwarsa ce. Daga 1958 zuwa 1972 ya gabatar da shirye-shiryen kiɗa 53 domin yara a talabijin, shi yake rubuta bayaninsu da kansa, kuma bai daina ba ko bayan ya sauka daga shugabancin ƙungiyar makaɗa ta Niyu Yok a 1969. Na kalli da yawa daga cikinsu, na lura ba ya raina hankalin yaro. Yakan yi tambaya mai wuya, ya sa makaɗa su buga misali, sannan ya bar kunnen yaron ya kai ga amsar.

A nan na ga kuskurena. Ina tsayar da atisaye kowane minti biyu ina zuba bayani, yara na zaune da kaya a cinya suna hamma. Na koyi rage magana zuwa jimla ɗaya, in rera musu abin da nake so su ji, mu ci gaba. Na kuma koyi sauraron layin baya, inda masu jin kunya suke ɓuya.

Akwai wani yaro da ke zama can ƙarshen masu biyolin, yana jan bakan goga biyolin ɗinsa sama-sama don kada a ji kuskurensa. Wata rana na ajiye sanda, na ce su buga ba tare da ni ba, kowa ya saurari na kusa da shi. Sun yi tuntuɓe sau biyu, a na uku suka numfasa tare suka shigo a lokaci guda. Na zagaya na tsaya a bayansa, na ji sautinsa a karon farko, siriri ne amma daidai yake, kuma da suka kai ƙarshe bai waiwayo ya nemi fuskata ba, takardarsa ya juya yana jiran sashe na gaba.