Garin Hatsi Daga Hannunmu

Duk buhun gero da aka sauke mana, kafin ya hau sikeli sai na cusa hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga tsakiyarsa, na ciji ƙwaya biyu ko uku. Idan ta fashe ƙaras, ta bushe. Idan haƙori ya nutse a cikinta shiru, buhun ba zai kwana a ɗakin ajiyarmu ba, ko da mai shi zai wuni yana rantsuwa. A wurin kakata na koyi wannan cizon tun ban kai tsayin taɓarya ba, kuma shekara 11 da na yi ina sarrafa gero, dawa, acca da tamba ban taɓa barinsa ba, duk da cewa yanzu muna da na'urar auna danshi.

Dalilin wannan tsanani shi ne fumfuna. Hatsin da aka ɗure a buhu da danshinsa yana yin ta, kuma a jikin masara da gyaɗa musamman tana haifar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji. Tafasa ba ta kashe wannan guba. Shi ya sa ba na karɓar abin da danshinsa ya haura kashi 13 cikin 100. Wasu masu kawo kaya sun san haka sarai, amma sai su shimfiɗa busasshe mai kyau a bakin buhu, su ɓoye jiƙaƙƙe da tsakuwa a ƙasa. Akwai wanda muka yi shekara uku muna hulɗa, rana ɗaya na ji warin maganin ƙwari yana tashi daga dawar da ya kawo. Na mayar masa da buhu 20 cur, muka rabu ke nan.

Inda aikinmu ya fi bambanta shi ne wajen surfe. Kakata ba ta taɓa surfa gero har ya yi fari fat ba. Takan ɗan yayyafa ruwa, ta ba shi taɓarya kaɗan, ta bakace, ta ce ya isa. Idan na ce, "Kaka, ai bai fita ba," sai ta ce wanda ya surfe hatsi tas akuya ya ciyar, kansa ya bar wa sauran. Sai da na girma na gane hikimar. A ɓawon ƙwaya da ɗan idon da ke tsirowa ake samun mafi yawan harza mai gyara ciki, da bitamin B, da sinadarin ayon mai ƙara jini. A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Java cewa kajin da ake ba farar shinkafa gogaggiya suna kamuwa da ciwo irin beriberi, wato cutar raunin jijiyoyi da rashin wani nau'in bitamin B ke jawowa, kuma suna warkewa idan aka mayar da su kan wadda ba a goge ba. Wannan bincike ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1929. Abin da ya gano a jikin kaji, tsofaffinmu sun daɗe suna aiki da shi a bakin turmi.

Kowane hatsi da irin baiwarsa. Gero yana da ayon fiye da farar shinkafa nesa ba kusa ba, ga riƙe ciki. Tamba, wadda yara da yawa yanzu ko ganinta ba su taɓa yi ba, tana ɗauke da kalsiyam sama da miligiram 300 a kowane giram 100, abin da ƙashin yaro da na tsoho ke buƙata. Acca kuwa ita ce 'yar lelena, kuma ita ce mai wahalar da mu. Ƙwayarta ƙanana ce kamar yashi, kuma da yashin take zuwa. Sai an rairaye ta a ruwa daga ƙwarya zuwa ƙwarya, sau biyar, wani lokaci sau bakwai, hannu yana karkata ƙwaryar a hankali har yashin ya kwanta a gindi. Na yi wata shida kafin hannuna ya faɗa. Yau idan sabuwar ma'aikaciya ta zo, ni da kaina nake zama da ita, domin ƙwayar yashi ɗaya a bakin mai saye ta isa ta zubar da sunan da aka yi shekaru ana ginawa. Dukkan waɗannan nau'o'in hatsi babu guluten a cikinsu, wato furotin mai danƙo da ke cikin alkama, don haka wanda alkama ke damun cikinsa yana samun sauƙi da su. Na ji daɗi ƙwarai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Garin yara muna yinsa ne da hatsin da aka jiƙa aka bari ya ɗan tsiro, sannan a shanya a kan raga, nesa da ƙasa da ƙafar kaji. Jiƙawa da tsirowa suna rage wani sinadari mai suna fayitet da ke hana jiki zuƙar ayon da zinki. Muna haɗa shi da waken soya da gyaɗar da aka tsince ɗaya bayan ɗaya aka soya, domin furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani ɓangarensa mai suna layisin, dangin wake kuma suna cike wannan giɓi.

Masu kwaikwayonmu sun ɗauki launin ledarmu, amma ba su ɗauki wahalar ba. Suna cuɗa garin rogo mai araha da ɗan gero, ya fito fari sol, su karya farashi. Sai mai saye ya zo yana taya namu rabin kuɗi, wai ya ga irinsa a wani wuri. Nakan buɗe leda in ce ya shinshina. Garin gero na gaskiya yana da maiƙo, shi ya sa cikin 'yan makonni yake fara ɗaci idan ya zauna, shi ya sa kuma muke niƙa kaɗan-kaɗan muna rubuta ranar niƙa a jikin kowace leda. Garin da ya yi watanni a kanta bai sauya ba, a tambayi abin da ke cikinsa.

Masu ciwon sukari suna yawan zuwa neman acca da tamba. Ina sayar musu da farin ciki, ina kuma faɗa musu gaskiya: abinci ne mai kyau, a ci daidai misali tare da ganye da wake, amma kada a ajiye maganin da likita ya rubuta. Duk wanda ya ce garinsa yana warkar da sukari, ba daga wurinmu ya fito ba. Ranar Litinin da Alhamis muke niƙa, kuma wanda ke son ganin yadda ake rairayar acca da idonsa, ƙofarmu a buɗe take.