Ranar awon ruwan wani foraji a Garin Malam

Talata, ƙarshen damina, Damagaram.

Rana ba ta gama fitowa ba muka isa gidan, domin ruwan da za a auna ba ya son zafi, kuma dole ya shiga labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, kafin azahar. Foraji ne na gida, zurfinsa mita 60, da pampon sola da shato, wato tankin ruwa na sama, mai cin lita 2,000. Gida uku ke sha, ban da maƙwabta masu zuwa da bido da marece. Shekara huɗu da haƙa shi, ba a taɓa auna ruwansa ba. Maigidan ya ɗebo a kofin silba ya miƙo mini, ya ce, "Malam, dubi yadda yake garau." Na ce, "Haka ne, Alhaji, amma abubuwan da muka zo nema ba su da launi, ba su da wari."

Kafin a buɗe kwalba ko ɗaya, sai an zagaya bakin forajin, don rabin amsar a wurin yake. Dandamalin siminti ya tsage ta gefen gabas, tsagar da yatsa ke shiga, kuma ruwan wanke-wanke na kwanciya a wurin. Inda wayar pampo ke shiga murfin akwai rami, an cusa masa baƙar leda. Awaki biyu na ɗaure taku biyar daga nan. Muka ja mita zuwa salgar maƙwabci da ke bayan katanga: mita 12. Abin da aka saba shawarta shi ne mita 30, kuma a garin nan ko 30 ɗin ba ta sa hankalina ya kwanta. Damagaram kan dutse take zaune, ruwan ƙasanta a cikin tsagogin dutse yake, shi ya sa ma ruwan pampon gari daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Rairayi yana tace ƙazanta a hankali yayin da ruwa ke ratsa shi. Tsagar dutse kuwa hanya ce buɗaɗɗiya, abin da ya faɗa daga salga yana iya yin tafiya mai nisa ba abin da ya tare shi.

Ruwan da ya kwana a cikin tiyon foraji ba shi ake ɗauka ba. Tiyon nan faɗinsa milimita 125, kowace mita tana riƙe kusan lita 12. Tsayin ruwa a ciki mita 35 ne, ke nan lita 430 a tsaye. Ana fitar da ninki uku na wannan, kusan lita 1,300, kafin a ce ruwan da ke fitowa na ƙasa ne. Sama da awa guda muka yi, muna zuba shi cikin tano-tano don wanki da ban ruwan itatuwa, domin a nan ba a zubar da ruwa a banza. Duk minti goma ana tsoma na'urar auna gishirin ruwa. Da lambar ta tsaya wuri ɗaya sau uku a jere, lokacin ɗauka ya yi.

Wuri uku muka ɗauka: bakin foraji kafin ruwa ya hau sama, pampon da ke ƙarƙashin shato, da randar da ake sha a tsakar gida. Wanda ya ɗauki wuri ɗaya kaɗai, in sakamako ya fito da matsala, ba zai san wa zai kama ba, ƙasa ko shato ko moɗa. Yawancin kuɗin da ake ɓarnatarwa wajen gyara daga nan yake tasowa.

Kwalbar awon ƙwayoyin cuta daga labo ake karɓo ta a rufe, an riga an dafa ta a tukunyar tururi. Ba a ɗauraye ta, ba a kuma yi da butalin ruwan sayarwa ko na lemo, komai wankinsa. A cire guntun tiyo da tsumman da aka ɗaura a bakin pampon, a goge, a ƙona bakin ƙarfen da audugar da aka jiƙa da alkol. In na roba ne sai a shafe shi da ruwan jabel. A bar ruwa ya zuba minti biyu zuwa uku, sannan a buɗe kwalbar, murfin yana hannu yana kallon ƙasa, yatsa bai taɓa cikinsa ba. A bar ɗan fili a wuya don a iya girgizawa a labo. A rubuta wuri da lokaci a jiki, a sa cikin gilasiya da ƙanƙara nan take. Cikin awa 6 ya kamata a fara aikinsa. In ya wuce awa 24, sakamakon ba abin dogaro ba ne. Yaron gidan ya so ya taya mu riƙe murfi, na ce, "A'a, ɗana, kai riƙe mini agogo."

Abin da ake iya gani a wurin mun gani. Tsamin ruwa, wato pH, 6.8, yana cikin iyakar 6.5 zuwa 8.5. A dogon bututun duba gurɓata, baƙar alamar da ke gindi tana fitowa sarai ko da an cika shi. Sai takardar tsomawa ta awon nitarat, wani sinadari da ƙazanta ke sakewa cikin ruwa. An tsoma ta daƙiƙa ɗaya, an jira minti guda, launinta ya yi duhun da ya zarce gidan 50 a jikin kwalin. Mun sake da sabuwa, haka dai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar nitarat a miligram 50 cikin lita. A cikin gari, in ya hau, salga da turken dabbobi da juji ake fara tuhuma. Babba ba ya jin komai. Jaririn da bai kai wata shida ba, wanda ake dama wa madarar gwangwani da ruwan, shi ke cikin haɗari, don jininsa yana kasa ɗaukar iska, leɓɓansa da faratansa su yi shuɗi. Akwai jaririya a gidan. Hajiya ta ce ai tana tafasa mata ruwa kullum. Na ce, "Hajiya, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, wannan kin yi daidai. Amma nitarat ba ya fita da tururi, ruwan ne ke raguwa shi ya ƙara kauri. A riƙa ba ta nono zalla, in kuma dole sai an dama wani abu, a samo ruwan pampon gari har sakamakon labo ya fito." Takardar tsomawa manuniya ce kawai, na'urar labo ce za ta ba da lamba tabbatacciya, shi ya sa muka cika wata kwalbar roba ta lita ɗaya daban.

Daga wannan kwalbar za a auna fuloro, wani sinadari da ruwa ke kwasowa daga duwatsun ƙasa, wanda iyakarsa miligram 1.5 ce cikin lita. Duk wanda ya yi aikin ruwa a Nijar ya san abin da ya faru a Tibiri ta Maradi, inda ruwan wani foraji mai yawan fuloro ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, aka daɗe ana sha kafin a gano. Na duba haƙoran yaran gidan, ban ga ɗigon fari ko ja-ja ba. Alama ce mai daɗi, amma haƙori yana nuna ruwan shekarun baya ne. Za a haɗa da awon sinadarin ƙarfe, wanda in ya wuce miligram 0.3 cikin lita yake sa farin tufafi da gindin buta su yi ja.

Da na hau tsanin shato, murfin a karkace yake, ga kore a bango, ga laka kamar faɗin yatsa biyu a gindi da fuka-fukan tsuntsu. Wannan ba ya jiran labo. A zubar, a goge da buroshi, a cika da ruwa, a narkar da gram 150 na hodar kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin bokiti, a bar farin gari ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a ciki, ya kwana. Forajin kansa gram 65 ya ishe shi a lita 430 ɗin nan, awa 12 zuwa 24, sannan a ja ruwa har warin ya ɓace. Amma sai an fara toshe tsagar siminti da ramin murfi, an ɗaga awaki, in ba haka ba ruwan sama na farko zai mayar da aikin baya. Kuma ba a sake ɗaukar ruwan awo sai bayan mako guda ko biyu, don sauran kulorin yana ɓoye gaskiya.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi kwalabe suka shiga labo, ƙanƙarar ba ta gama narkewa ba. An tace mililita 100 daga kowace ta farar takarda mai ƙananan ƙofofi, an ɗora kan abincin ƙwayoyin cuta a faranti uku, an rufe a ɗumin digiri 44. Ƙa'idar ruwan sha ita ce kada a samu ƙwayar bayan gida ko ɗaya a mililita 100. Gobe da safe za a ƙirga ɗigo-ɗigon da suka tsiro. Alhaji ya bugo waya bayan la'asar, ya ce magini ya zo da buhun siminti, an kuma mayar da awakin zaure.