Kwabo Mai Huji a Zangon Kumasi

Na bar Kano ta mota da niyyar sada zumunci da dangin mahaifina da suka daɗe a Kumasi, kuma tun kafin in isa, maganar kuɗi ta riga ta cika mini kai. A iyakar Seme na canza naira zuwa sefa domin in ratsa Kwatano da Lome, a Aflao kuma na sake miƙa abin da ya rage ga 'yan canji suka ba ni sidi, kowane canji da ɗan abin da yake zaftarewa. Daga Accra muka kama hanyar arewa mai tsawon kilomita kusan 250, ta Nkawkaw da Konongo, muka shiga Kumasi bayan la'asar.

Masaukina yana Aboabo, unguwar da Hausa ce harshen titi da na masallaci. A can aka haɗa ni da wani dattijo, ɗan'uwan kakata, wanda mahaifinsa ya yi fataucin goro. Da na ba shi labarin asarar da na yi a hannun 'yan canji, sai ya ce, "Ɗana, mahaifina ya kai goro har Kano ya dawo, bai taɓa canza ko anini ba." Ya aika jikansa ya ɗauko wani kundin hotuna daga cikin adaka.

Hotunan baƙi da fari ne, gefensu ya soma yin ja saboda daɗewa. Wani mai hoto ne ya jera tsabar kuɗin mahaifin dattijon a kan farin ƙyalle ya ɗauka gaba da baya, kafin a raba gado kuɗin su watse a hannun magada. Ga anini, wanda goma ke yin kwabo; ga ɗari, wato rabin kwabo; ga kwabon kansa; dukansu da huji a tsakiya, ta yadda ake zura su a zare a ɗaura a kugu. A fuska ɗaya akwai kambin sarauta da sunan Sarkin Ingila, da kuma darajar kuɗin a rubuce da haruffan Larabci, a ɗaya fuskar kuma tauraro mai tsini shida. Wannan rubutun Larabci ya fi komai ɗaukar hankalina, domin yana nuna cewa Turawa sun san waɗanda ke riƙe da kasuwancin cikin ƙasa almajirai ne da suka yi karatun allo, kuma ba za su amince da ƙarfen da ba su iya karantawa ba. An fara buga irin waɗannan a 1907, aninin farko ma da alminiyam aka yi shi, sannan a 1912 aka kafa hukumar kuɗi guda ɗaya ga Najeriya da Gold Coast (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya. Abin da dattijon yake nufi ke nan: sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwar manja, waɗanda aka karɓa a kasuwar Kurmi ta Kano, su ne ake kashewa a Kumasi.

Akwai kwabo ɗaya da ya sa yatsa a kai, mai shekarar 1936 da sunan Sarki Edward na Takwas. Wannan sarki ya yi murabus a Disambar shekarar kafin kuɗi mai sunansa ya shiga hannun jama'a a Ingila, amma a Afirka ta Yamma an riga an buga an kuma kashe. Na tambaye shi, "Baba, ina ire-irensu suka tafi?" Ya ce da aka daina karɓarsu, kafintoci sun riƙa sa su a ƙarƙashin kan ƙusa wajen buga kwanon rufi, wasu kuma yara suka yi wasa da su har suka ɓace.

Kafin zuwan waɗannan ƙarafa, fatakenmu wuri suke ƙirgawa a kasuwar Salaga da ke arewacin Ghana ta yau, inda goron Asante yake haɗuwa da ayarin Hausa, har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, 'yan kasuwa da yawa suka gangaro kudu. Su kuwa Asantawa garin zinariya ne kuɗinsu, suna auna shi a sikeli da ƙananan ma'aunai na tagulla masu siffar tsuntsaye da mutane da kayan aiki. Washegari na ga irin waɗannan ma'aunai a wurin masu sayar da kayan gargajiya na cibiyar al'adu ta Kumasi, ko da yake yawancinsu sabon zubi ne da ake yi don baƙi.

Shafukan ƙarshe na kundin tarihin Ghana ne tsantsa. Fam ɗin Ghana ya fito a 1958, tsabarsa ɗauke da kan Kwame Nkrumah, daga nan ne kuɗin Kano da na Kumasi suka raba hanya. A Yulin 1965 aka kawo sidi, wanda ya yi daidai da sule takwas da kwabo huɗu. Bayan juyin mulkin da ya hamɓarar da Nkrumah a Fabrairun 1966 aka fito da sabon sidi a 1967, aka cire hoton Nkrumah. Da muka zo kan takardar sidi hamsin, muryar dattijon ta canza. A 1982 gwamnatin soja ta janye ta daga hannun jama'a, kuma ya ce 'yan kasuwar zango da yawa da suke ajiye jarinsu a gida sun ji jiki, har wasu suka daɗe ba su sake yarda da takardar kuɗi ko banki ba. A ganina wannan hoton ya fi sauran nauyi, domin masu wannan tabon suna raye.

Ranar da zan koma Accra na biya ta kasuwar Kejetia in sayi tsaraba. Wata Hajiya mai atamfa ta ce mini turmi miliyan uku ne, na tsaya ina kallonta, sai ɗan rakiyata ya ce sidi 300 take nufi. Tun a Yulin 2007 aka yanke sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya, amma manyan kasuwa har yau da tsohon lissafi suke ciniki. Na biya ta, na roƙi jikan dattijon ya ɗauki kowane shafi na kundin da waya ya turo mini, saboda damina tana cin takardun, sannan na nufi tashar mota.