Abin da magungunan kashe yunwa ke yi wa ƙwaƙwalwa

Tallar maganin rage ƙiba ta yi yawa a Kano, daga shayin rage tumbi da ake yaɗawa a rukunonin WhatsApp na mata har zuwa ƙwayoyin da ake miƙo wa mutum a kemis ba tare da takardar likita ba, kuma alkawarin kusan ɗaya ne: za ki yini ba ki nemi abinci ba. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, mafi yawan magungunan da ke iya yin haka ba a tumbi suke aiki ba, a ƙwaƙwalwa suke aiki.

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira hypothalamus, wanda shi ne ke yanke hukuncin ko mutum ya ƙoshi ko yana jin yunwa. Ɗaya daga cikin sinadaran da ke kai masa saƙon ƙoshi shi ne serotonin, wanda idan ya sauka a kan wata mahaɗa (wurin da sinadari ke maƙalewa a jikin ƙwayar jijiya) da masana ke kira 5-HT2C sai sha'awar abinci ta ragu. Akasin haka ma gaskiya ne, domin cyproheptadine, da wasu ke sha don su yi ƙiba, toshe mahaɗun serotonin da na histamine yake yi, shi ya sa mai shan sa ke ci ba ya ƙoshi, ga yawan barci.

Matsalar ita ce serotonin ba na ƙwaƙwalwa kaɗai ba ne. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake, kuma mahaɗunsa suna nan a zuciya da jijiyoyin jini. Maganin da ke ƙara shi tamkar wanda ya kwance famfo ne don ya cika tulu ɗaya, ruwa ya malale tsakar gida. Haka ta faru da maganin kashe yunwa fenfluramine, wanda a Amurka aka riƙa haɗa shi da phentermine ana rubuta wa miliyoyin mutane. A 1997 likitocin asibitin Mayo suka ba da rahoton mata 24 da ƙofofin cikin zuciyarsu, masu hana jini komawa baya, suka yi kauri suka lalace, kuma a watan Satumba na shekarar aka janye maganin daga kasuwa. Daga baya aka gano cewa yana tsokanar wata mahaɗa daban, 5-HT2B, wadda ke jikin waɗannan ƙofofi. An ƙera lorcaserin don ya taɓa 5-HT2C kaɗai, aka amince da shi a 2012, aka janye shi a 2020 saboda fargabar cutar daji.

Wanda a ganina ya fi shafar mu shi ne sibutramine. Shi ba ya ƙara fitar da serotonin, hana ƙwayoyin jijiya sake tsotse shi yake yi, tare da noradrenaline, sinadarin da ke ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Bayan wani gwaji a kan kusan mutum 10,000 ya nuna ƙaruwar toshewar jijiyoyin jinin zuciya da shanyewar ɓarin jiki, Turai da Amurka suka daina sayar da shi a 2010. Sai dai bai ɓace ba, domin hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano shi a ɓoye cikin shayi da kofi da ƙwayoyin da aka rubuta wa “na ganye zalla”. Saboda haka matar da ta fara shan irin wannan shayi, sai ga bushewar baki da rashin barci da faɗuwar gaba, tana da dalilin zargin cewa ba ganye kawai take sha ba, musamman idan kwalin ba shi da lambar NAFDAC.

Haɗarin yana ƙaruwa idan aka haɗa shi da wani maganin da shi ma ke ɗaga serotonin, kamar fluoxetine da ake rubuta wa masu ciwon damuwa, ko tramadol da ba baƙo ba ne a garin nan. Sinadarin kan taru ya wuce kima cikin 'yan sa'o'i, mutum ya fara karkarwa da zufa da gudawa, tsokokinsa su riƙa fizga, zafin jiki ya hau, hankalinsa ya gushe, har 'yan uwa su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko iska. Irin wannan na gaggawa ne, kuma a tafi asibiti da kwalin shayin da duk sauran magungunan da yake sha, don likita ya ga abin da aka haɗa.